Shekarar da Na Rage wa Yaya Fifiko

Kun girma kuna ganin katangar da ta raba sashenmu da na Baffanku Tanko, kuma na san kowannenku ya tsinci bayaninsa a wani wuri. Wasu sun gaya muku kuɗi ne, wasu sun ce gona ce, akwai ma gwaggonku da har yau take rantsuwa mata ne suka haɗa mu. Mamanku ba ta da hannu a ciki, matar Yaya Tanko ma haka. Abin da ya shiga tsakanina da wana lamba ce da na canza a cikin wata na'ura, a wani ɗan ɗaki a Kunci, a tsakiyar damina. Na san idan aka faɗe shi haka kamar zancen ban dariya ne, shi ya sa na daɗe ban faɗa ba. Yanzu idona ya fara gajiya, gara in rubuta tun ina ganin layi.

Ku da kuka tashi rabi a birni ba ku san gandu sosai ba, kuma ba za ku gane abin da ya faru ba sai kun san shi. A gidanmu, kamar yawancin gidajen mutanenmu, 'yan'uwa maza gona ɗaya suke nomawa a ƙarƙashin babba, hatsi kuma rumbu ɗaya yake shiga. Wanda yake so ya fita ya kama kansa ba a hana shi, sai dai akwai yadda ake yi. Zai jira kaka, hatsi ya shiga rumbu, ya tura dattijo ya faɗa wa wansa, a zauna, wan ya auna masa gona da ƙafarsa ya sa masa albarka. Wanda ya ajiye fartanya ya fita da damina kuwa, ba shi mutane suke kallo ba, wan suke kallo, suna cewa ko dai yana cutar ƙanensa ne ko ya kasa riƙe gida. Babanmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe gandu, ya riƙe Inna, ya riƙe ni. Shi ya tura ni makaranta, yana cewa noman da nake yi ɓarna ce kawai, gara a kai ni inda ba zan sassare wa mutane dawa ba.

Yaya ba manomi kaɗai ba ne. Da gyaran rediyo ya fara, a gindin wata tsamiya ranar kasuwa, daga nan ya shiga hawan ƙarfen sabis, har ya kai ga kafa ɗan kamfaninsa. Ya jera ƙarafa daga Kano har yankinmu, kowanne da faranti a kai yana kallon na gaba, ta haka intanet ya fara zuwa ƙauyukanmu ta iska. Ni kuma bayan na yi shekaru ina aiki a birni, sai wata ƙungiya ta ƙananan asibitoci da makarantun karkara ta ɗauke ni in kula mata da sadarwarta. Duk layukanmu a ɗakin nan na Kunci suke haɗuwa, daga nan su fita duniya ta farantin Yaya, domin babu wata hanyar. Yana alfahari da wannan ƙwarai. A bakin coci ko a wurin biki sai ka ji yana gaya wa mutane intanet ɗin asibiti ta gidanmu yake bi, shi da ƙanensa suke nomansa. Na ɗauka raha ce, ashe har cikin zuciyarsa gandu ya ɗauki abin.

Sai shekarar da wani babban kamfani ya binne faiba, wayar nan ta gilashi, a gefen titi har Kunci, ƙungiyarmu ta sa aka ja mana ita. Muka wayi gari da ƙofa biyu. A nan dole in ɗan koya muku aikina, ku yi haƙuri, ba zan ja ba. Intanet ba abu ɗaya ba ne. Gidajen sadarwa ne masu yawa, kowanne da lambarsa a matsayin suna, kowanne kuma da na'ura a bakin ƙofarsa, rauta muke ce mata, wadda aikinta shi ne ta gaya wa maƙwabta wuraren da ake iya kaiwa ta wurinta. Tsarin da suke magana da shi BGP ake kiransa. Sanarwa tana tafiya daga maƙwabci zuwa maƙwabci, duk gidan da ta biyo sai ya ƙara sunansa a kai, yadda in ta iso gare ka za ka ga jerin gidajen da saƙonka zai ratsa. Idan rauta ta ji hanya biyu zuwa wuri ɗaya, ba ta gwada su ta ga wacce ta fi daɗi. Alamomin da ke manne da kowace sanarwa take dubawa, ɗaya bayan ɗaya, a tsarin da ba ya canzawa. Za ku zaci mai gajeren jerin sunaye ce za ta fara ci, amma akwai abin da ke gabanta, wata lamba da mai gida yake sa wa kowace hanya da hannunsa, wadda ba ta fita waje. Ni fifikon gida nake ce mata. Hanyar da lambarta ta fi girma ita za a bi, ko da ta fi tsawo, ko da ta fi wahala. Sai lambobin sun zo daidai ake ƙirga sunaye. Ranar da aka haɗa mana faiba, ba wanda ya umarce ni, na ba hanyar Yaya babbar lamba, na ba hanyar baƙin nan masu faiba ƙarama, na bar su a matsayin ko-ta-kwana. Da rani wannan bai cuci kowa ba.

Damina ce ta tona abin. Farantin da ke jefa saƙo nesa ba ya shiri da ruwa mai ƙarfi, ƙarafan Yaya kuma sun yi nisa da juna, ga tsufa. Da a ce hanyar mutuwa take yi gaba ɗaya idan ana ruwa, da babu damuwa, rauta za ta ji maƙwabcin ya yi shiru ta koma faiba da kanta. To ba ta mutuwa. Ɗan saƙon da na'urorin biyu ke aika wa juna don kowa ya san ɗan'uwansa yana nan yakan samu ya wuce, amma babban kaya sai ya yi ta zubewa a hanya. Ita kuwa rauta ba ta san wahala ba, lamba ta sani.

Wata Asabar da rana na dawo gida, ko takalmi ban cire ba, aka ce Malama Rifkatu tana sallama. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da asibitin ƙauyenmu. Tana da 'yar na'urar hoton ciki, idan ta ga abin da ya fi ƙarfinta sai ta aika wa likita a Kano, shi zai ce a kawo mace ko a bar ta ta haihu a nan. A cikin makon an kawo mata wata mai tsohon ciki tana zubar da jini, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hoto ya ƙi tafiya, kiran bidiyo yana ta yankewa, likita kuma a waya ya ce sai ya gani. Ta jira, ta sake gwadawa, daga ƙarshe ta sa matar a mota ba tare da izinin kowa ba. Matar ta rayu, jaririn ma, amma likitan ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi. Rifkatu ba mai faɗa ba ce, a tsugune ta gaya mini duk wannan, sannan ta ɗago.

"Malam Ayuba, ni ban san aikinku ba. Amma an ce mana an kawo sabuwar waya har Kunci. In dai tana nan, me ya sa har yanzu nake duba hadari kafin in duba mace?"

Na ce mata zan duba. Babu abin dubawa, na san amsar, ni na rubuta ta.

Da farko na yi dabarar masu jin nauyi. A aikinmu, idan ba ka so a riƙa zuwa maka ta wata ƙofa kuma ba ka so ka rufe ta, sai ka maimaita sunanka a sanarwar da kake fitarwa ta wannan ƙofar, jerin ya yi tsawo, mutanen waje su ga hanyar da nisa su zaɓi ɗayar da kansu. Ba ka ce wa kowa a'a ba. Na yi haka a ƙofar Yaya, saƙonnin da ke shigo mana suka koma faiba. Yaya ya gani, ba shakka. Ya tsokane ni ya ce sunana ya yi yawa a sanarwa kamar mai neman sarauta, ya bar zancen, domin a ganinsa baƙi ne suka zaɓa, ba ƙanensa ba. Makarantu suka ji daɗi, su da karɓa suka fi yi. Amma Rifkatu aikawa take yi, kuma abin da ke fita daga gida fifikon gida ne ke zaɓa masa hanya. Wannan lambar ba ta da dabara, ko in bar ta ko in rage ta.

A lokacin ni da Yaya kwano ɗaya muke ci duk ranar da nake gida. Muna zaure da magariba, tuwon dawa da miyar yakuwa a gabanmu, na kwashe labarin Rifkatu na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya fi ni sanin ciwon ƙarafansa, ya ce yana da niyyar kafa wani a tsakiya idan ƙasa ta bushe. Na ce masa abin da ƙungiya ke ba shi ba zai taɓu ba, hanyarsa za ta zauna a matsayin ko-ta-kwana, lamba ce kawai wadda ba wanda zai gani. Ya ce shi zai gani, ma'aikatansa za su gani, kuma abin da ma'aikata suka gani da safe kasuwar Kunci ta ji shi kafin la'asar. Ya wanke hannu, ya daɗe yana goge shi, sannan ya yi magana a hankali.

"Ka jira kaka. In hatsi ya shiga rumbu ka turo Kawu, dattijon gidanmu, ya faɗa mini, mu zauna, ni da bakina zan ce ka koma wa baƙin. Amma ba da damina ba, Ayuba. Kada ka ajiye mini fartanya mutane suna kallo."

Gidan duka ya ji, domin gidanmu ba ya riƙe magana. Inna ta tsufa sosai a lokacin, ba ta gani sai dishi-dishi, amma kunnenta lafiya lau. Ta kira ni ɗakinta ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, ta san dai wanda ya riƙe ni, kuma saura kaɗan ruwa ya ɗauke, in yi masa wannan. Mamanku kuwa, wadda ta haifi 'yar'uwarku Hannatu a bayan akori-kura a kan hanyar asibiti, ba ta buƙaci a yi mata bayanin Rifkatu ba. Shawararta ita ce in juya na asibiti kaɗai a ɓoye in bar masa sauran. Na ce mata likitoci ba ta hanya ɗaya suke amsawa ba balle a ware na asibiti shi kaɗai, kuma Yaya yana kallon allonsa yadda yake kallon gabas idan hadari ya haɗu, zai gane, sannan ga fita ga ɓoyewa, laifi ya zama biyu. Tana tsince zogale ta ce:

"To in ba za ka ɓoye ba, ka je ka faɗa masa a tsaye. Kada ya ji a bakin yaransa."

Na ɗan ja lokaci ina fatan ruwa ya sassauta, bai sassauta ba. Shekarar ta yi albarka, gero ya yi kai, kowa yana godiya, ni kuwa duk hadarin da ya taso sai in shiga tunanin wace mace ce ke kwance a gaban Rifkatu. Wata rana a coci ana addu'ar godiya saboda ruwa, na kama kaina ina roƙon a ɗauke shi. Ɗan manomi yana roƙon fari saboda yana tsoron wansa. Na ji kunyar kaina ƙwarai, kuma a nan na yanke shawara.

Da safe kafin in kama hanya na same shi a gona yana maimai, noman nan na biyu. Na ɗauki fartanya na kama layin da ke kusa da nasa, muka yi tafiya tare, yana gaba ina baya kamar kullum. Da muka kai ƙarshe na ce masa yau zan canza lambar, na zo ne in faɗa masa da bakina, kuma in akwai wata hanya da ban gani ba ya nuna mini. Bai ɗago ba. Ya kankare ƙasar da ta manne a fartanyarsa da ɗan kara, ya juya ya kama sabon layi.

"Ajiye wannan a nan," ya ce. "Ta gandu ce."

Na ajiye ta. Na je Kunci, na buɗe ɗakin, na zauna a gaban rauta. Layi ɗaya ne. Na goge babbar lambar da ke kan hanyar Yaya na rubuta ƙarama, na danna. Ba abin da ya yi ƙara, ba fitilar da ta mutu. A kan allo kawai na ga kayanmu suna barin farantinsa suna komawa faiba, kamar ruwan da aka buɗe wa wata kwata. A makon aka yi ruwa mai ƙarfi, hotunan Rifkatu suka tafi. Ba ta zo ta yi mini godiya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta zo ba, ta dai daina duba hadari.

Asabar da na dawo, a sashena na tarar da tuwona a rufe. Kasuwar Kunci ta ji, kamar yadda ya faɗa, har wasu suka riƙa yi masa jaje a fakaice, abin da ya fi zagi ciwo a wurin mutum irin Yaya. Da kaka ta yi bai jira in tura Kawu ba, shi ya kira shi. Ya auna gona da ƙafarsa a gaban dattawa, ya ba ni ɓangaren da ke kusa da fadama, wanda kowa ya san ya fi kyau, ya shuka gamba a kan iyaka. Da ya zalunce ni a rabon da na fi samun sauƙi. Da rani aka ja katanga. Ina so ku san bai taɓa zagina a gaban kowa ba, bai hana 'ya'yansa shiga wurinku ba. Muna gaisawa. Da Inna ta rasu a tabarma ɗaya muka karɓi gaisuwa. A bikin kowannenku ya zo ya tsaya a matsayin uba, ya yi duk abin da ake yi, sai dai kafin a fito da abinci ya tashi. Bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba har ya koma ga Ubangiji.

Ba na rubuta wannan don ku ce na yi daidai shi ya yi kuskure. Abin da ya roƙa ba mugun abu ba ne, haka aka yi wa kakanninmu, haka shi ma ya taso ya ga ana yi. Ni kuma da za a mayar da ni wannan daminar, lambar nan zan sake ragewa. Na dai yi kewarsa. Na yi kewar tsokanarsa, da yadda yake ture mini nama gefena yana cewa ɗan boko ba ya jure yunwa. Shekaru ina cin tuwo ina jin tarinsa ta bayan katanga.

Daga baya wani kamfanin ya kawo faiba ta biyu, ƙungiya ta sallami Yaya gaba ɗaya. Amma hanyarsa ba ta ɓace daga rautarmu ba. Kullum na duba sai in gan ta a can ƙasan jeri, da 'yar lambarta, ba abin da ke bi ta kanta. Na ɗauka ba wanda ya samu sukunin hawa ya sauke farantin ne, ni ma ban goge ta daga ɓangarena ba.

Bayan an tashi daga makokinsa, babban ɗansa Ishaya ya shigo sashena. Ya ce za su sayar da ƙarafan, ya zo ne ya sanar da ni kafin su sauke farantin da ke kallon Kunci. Na ce ai ya daɗe bai yi aiki ba, na yi mamakin ma da yake raye. Ishaya ya dube ni ya ce ba da kansa ya rayu ba. Kowace shekara kafin ruwan farko Baba yakan sa a hau a daidaita shi, a ɗaure, a canza masa batir, ko a shekarun da sauran ƙarafan ke neman gyara ba a samu yi ba. Ya ce wata rana ya gaji ya tambaye shi amfanin wahalar, tunda ba mai bi.

"Sai ya ce mini, 'In wayoyinsu suka yanke fa? Ƙanena ne a can ƙarshen. Shi ya fita, ni ban rufe ba.'"

Na ce ya sake faɗa mini, daidai yadda Baban ya faɗa. Ya sake. Na sa shi ya yi ta maimaitawa har ya fara sunkuyar da kai, ga shi babban mutum da furfura a gemu. Ita ce magana ta ƙarshe da na samu daga Yaya, kuma ta bakin wani ta iso gare ni.